Ulun tumaki a saman silin: zai yi aiki a Kano?

A nan Ingila da wuya ka leƙa saman silin gidan zama ka tarar da shi wayam. Ana shimfiɗa abin tare zafi tsakanin katakon silin, kaurinsa ya kai santimita 27, wasu kuma da ulun tumaki suke yi. A Kano fa? Kwano a sama, POP ko PVC a ƙasa, tsakaninsu sai iska mai ƙuna da jemagu. Watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, kwanon ya fi haka nesa ba kusa ba, da dare mai gida ya ɗauki tabarma ya koma tsakar gida.

Su sanyi suke gudu, mu zafi, amma aikin ɗaya ne. Iskar da ta maƙale tsakanin zaren ulun ita ke hana zafi ratsawa, ko daga ciki ko daga waje. Ulu yana shan laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ya jiƙe ba, kuma ba ya saurin kama wuta.

Sai dai ba a zuba shi ɗanye. Ana wanke shi a fitar da maiƙo, a busar, a taje, sannan a sa masa sinadarin borakis. Wanda ya tsallake wannan ya tara wa asu abinci, ga wari da zarar damina ta faɗi. Wajen shimfiɗawa ba a danne shi, domin dannewa ke korar iskar da ke yin aikin. A bar tazarar santimita 5 ta gefen rufi iska ta riƙa wucewa, a nisanta shi da ƙwan fitilar da aka binne a silin, wayar lantarki kuma ta bi ta samansa. In kwano na yoyo, a fara kiran mai gyara tukuna. Kaurin santimita 10 kan yi kusan kilo 2 a kowace murabba'in mita, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ci kilo 27 ke nan. Silin PVC mai ƙarancin katako zai lotsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tumakinmu. Yankasa da Uda da Balami gashi gare su gajere, ba a yi musu aski, ba su da ulu. Tunkiyar Ingila kan ba da ulu kilo 2 zuwa 3 a shekara, kuma ya yi arhar da sau da yawa kuɗinsa ba ya biyan ladan mai aski, shi ya sa makiyayan Ingila suke neman inda za su kai shi. Gashin majemun Sharaɗa da Chalawa ma ba madogara ba ne, don farar ƙasa da sinadarin cire gashi sun riga sun cinye shi. A shigo da ulu ta Legas da kuɗin waje kuwa, sai mai hannu da shuni.

A ganina dabarar za mu ɗauka, mu bar musu ulun. A shafa wa kwano farin fenti, a ja takardar alminiyam a ƙarƙashinsa da 'yar tazara, a buɗe ƙofofin iska masu raga a gefe biyu na rufin. Ƙaiƙayin shinkafa da ke jibge a injinan Kura yana tare zafi, in an tankaɗe shi babu sauran tsaki da zai jawo ɓera, aka kuma ɗura shi a buhuna bisa silin mai ƙwari. Magina na dā da suka yi Gidan Makama da tubali da azara sun magance zafi da kaurin ƙasa.

Duk ɗakin da aka yi wa wannan aiki yana riƙe zafin da ya riga ya shiga. Don haka a rufe tagogi da rana, a buɗe su bayan isha'i.