A bar wa tifa hanyarta, a bar wa zakaran ƙeƙuwa yashinsa

Da bazarar da ta wuce na sauka bakin kogin Gongola, ƙasa da madatsar Dadin Kowa, kusan kilomita 40 daga Gombe. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari fat. Wani zakaran ƙeƙuwa ya yi ta shawagi a kaina yana ƙara kamar na ci bashinsa. Sai da yaron da ke rakiyata ya riƙe mini hannu, "Baba, duba ƙafarka," sannan na ga dalili: ƙwai huɗu masu ɗigo-ɗigo a ɗan rami, ba ka bambance su da tsakuwa. Taku biyu daga wurin, sawun tayar babur ne.

Wannan tsuntsu ba ya sheƙa a bishiya. Ƙasa yake ɗan tonawa ya zuba ƙwai, ya kwanta a kansu kusan mako huɗu. Akwai ma wani ɗan ƙarami mai launin toka da baƙin zane a ƙirji, wanda ke binne ƙwansa cikin yashi, ya jiƙo gashin cikinsa a kogi ya dawo ya sanyaya su. A zafin Maris da Afrilu ba sai taya ta taka ƙwai ba. Ya isa a yi ta korar uwar daga kai, rana ta gama aikin. 'Yan tsakin kuwa idan sun ji motsi laɓewa suke yi, kuma ramin sawun taya shi ne maɓoya mafi kusa.

To, a hana motoci sauka? A'a, ban goyi bayan haka ba. Wani direban tifa ya tambaye ni, "Malam, tsuntsu ne zai ciyar mini da iyali?" Gaskiya ya faɗa. Gine-ginen Gombe yashi suke ci, kuma bayan kowace tifa akwai masu shebur da ke jiran na cefane. Ban da haka, a ganina tifa ba ita ce babbar mai ɓarna ba. Nauyinta ya tilasta mata bin turba ɗaya, don in ta kauce ta kafe. Masu ɓarna su ne samarin da ke zuwa wasan babur da masu yawon Sallah, waɗanda ke ratsa ko'ina don nishaɗi kawai.

Amurkawa sun sha wannan rigima a gaɓar Cape Hatteras da ke jihar North Carolina, kan wani ɗan tsuntsun bakin teku da suka sa cikin jerin masu fuskantar barazana tun 1986. A 2012 aka fara aiki da doka: mai son shiga da mota sai ya yanki izini, ya bi hanyoyin da aka ware, inda aka ga ƙwai kuma a kewaye shi na ɗan lokaci. Masunta sun yi ƙorafi sosai, har daga baya aka rage faɗin wuraren da ake killacewa. Amma ba a rufe gaɓar ba.

Mu ba ma buƙatar takardar izini, kada a buɗe wa wasu sabuwar ƙofar karɓar na goro. Dokar da aka rubuta a ofis ma ba ta kai bakin kogi. Wanda ake jin maganarsa a can shi ne sarkin ruwa da mai unguwa da shugabannin masu tifa. Su zauna su tsayar da mashiga ɗaya da wurin lodi, a kafa turaku da igiya, daga Fabrairu har ruwa ya dawo. Masunta sun san inda tsuntsayen ke zuba ƙwai, su za su nuna wurin. Mai babur ya ajiye shi a bakin gaɓa ya ƙarasa da ƙafa, wanda ya tsallake igiya kuma a kai shi gaban mai unguwa.