Allurar ceton rai ba ta da amfani a cikin ofis kulle

A ƙofar makarantun Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, gyaɗa ba baƙuwa ba ce. Ƙuli-ƙuli, kantu, kunun gyaɗa, duk suna wurin masu talla lokacin da yara suka fito shan iska. Ga yawancinsu abin marmari ne. Amma akwai yaron da jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa, ko ƙwai, ko madara, ko harbin zuma da rina. Mukan ce borin jini ne, a ba shi ƙwayar maganin ƙaiƙayi, kuma sau da yawa abin yakan lafa.

Sai dai akwai mai tsanani, wanda likitoci ke kira anafilaksis. Leɓe da harshe su kumbura, maƙogwaro ya tsuke, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, duk cikin 'yan mintuna. A nan ƙwayar maganin ƙaiƙayi irin Polaramine ba ta buɗe maƙogwaro. Maganin farko shi ne allurar adirenalin a tsokar cinya ta gefen waje, nan take, a kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, ko a bar shi zaune idan numfashi ya yi masa wuya, sannan a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo. In ba sauƙi bayan minti 5, a ƙara ta biyu.

A Turai da Amurka iyaye sun dogara da EpiPen, allurar adirenalin mai kama da biro wadda kowa zai iya dannawa. A 2018 ta yi ƙaranci saboda matsala a masana'antar da ke yin ta, har hukumar magunguna ta Amurka ta ƙara wa wasu rukunoninta wata 4 a kan wa'adinsu. Mu kuwa wannan ƙarancin shi ne zamanmu na kullum. Wanda ya mallake ta, galibi wani ɗan'uwa ne ya aiko daga Faransa, kuma idan ta kai wa'adi sai jiran wani matafiyi.

Ra'ayina shi ne a daina ɗora wannan nauyi a kan iyali ɗaya. Adirenalin na 'yar kwalba yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba shi da tsada, kuma irin maganin da CENAME, cibiyar samar da muhimman magunguna ta ƙasar Kamaru, ke da alhakin wadata cibiyoyin lafiya da shi ne. Ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, da ke karɓar kuɗinmu kowace shekara don benci da alli, tana iya zama da cibiyar lafiya mafi kusa a yi yarjejeniya: su tabbatar akwai maganin, su san yaran da abin ya shafa, su koya wa malamai biyu ko uku alamomin da abin yi.

Za a ce malami ba likita ba ne. Gaskiya ne, kuma ban ɗauki zancen da wasa ba. Zuƙo magani daga kwalba cikin firgici na iya jawo kuskure, domin abin da ake yi wa ɗan shekara 6 zuwa 12 miligiram 0.3 ne kawai, kwalbar kuwa tana ɗauke da miligiram 1. Shi ya sa kwalba aikin ma'aikacin jinya ne ko wanda aka horar sosai. Amma gane alama, kwantar da yaro, danna allurar biron da likita ya rubuta masa da kiran mai mashin, waɗannan ba su fi ƙarfin malamin aji ba.

Ajiyar ma abin dubawa ce. EpiPen na son sanyin digiri 20 zuwa 25, ba firji ba, ba rana ba. A Marwa zafin Afrilu yakan haura 40, ajin kwano kuwa ya fi haka. Barin ta a jakar yaro kusa da taga ɓarna ce. Kulle ta a ofishin darakta, shi kuma ya tafi taro da mabuɗi a aljihu, ya fi muni. A nemi ɗakin da ya fi inuwa, wurin da kowane malami ya sani kuma hannunsa ke kaiwa, a riƙa duba ruwan: in ya sauya launi ko ya gurɓace, ya lalace.

Iyaye kuma su bar ɓoye lalurar don gudun surutu. Ranar komawa makaranta, su kai wa malamin aji takardar likita mai ɗauke da abin da yaron ba ya ci, adadin allurarsa da lambar waya biyu, a manna kwafi a jikin akwatin maganin, a kuma sanar da mai tallan bakin ƙofa.