Tambayi baƙo garinsu yadda Annabi (SAW) ya tambayi Addas

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bayan mutanen Ɗa'ifa sun jefi Manzon Allah (SAW), ya fake a wata gona, sai bawa Kirista mai suna Addas ya kawo masa inabi. Ga gajiya, ga rauni, amma Annabi ya tambaye shi garinsu. Addas ya ce Ninawa. Annabi ya ce, garin bawan Allah nagari Yunusa ɗan Matta ke nan. Tambaya ɗaya, ya kuma ambaci garin mutum da alheri. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 13, ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna.

Masu aiki a Saudiyya da Dubai suna cuɗanya da 'yan Filifin a asibitoci da kantuna. Cikinsu akwai masu jin Ilokano, harshen arewacin tsibirin Luzon, ɗaya daga cikin manyan harsunan Filifin, kamar Tagalog da Sebuwano. Galibinsu Kiristoci ne, kamar Addas.

Idan za ka tambayi ɗayansu garinsu da Ilokano, fara da gaisuwa. Da safe "Naimbag a bigat", da yamma "Naimbag a malem". Namijin da ya girme ka Manong ne, mace Manang, ƙarami kuma Ading. Sannan ka ce "Taga-ano ka?", wato kai mutumin ina ne? Idan babba ne, sauya "ka" da "kayo": "Taga-ano kayo, Manong?" Kamar dai yadda muke ce wa dattijo "ku". Kada ka yi sakaci da wannan, domin "ka" ga dattijo rashin ladabi ne.

Amsar mai sauƙi ce: "taga", sunan gari, sai "ak" a ƙarshe, ma'anarsa ni. Zai ce "Taga-Vigan ak" ko "Taga-Laoag ak". Vigan ce hedikwatar lardin Ilocos Sur, Laoag ta lardin Ilocos Norte. Nuna masa ka san haka, ka ga fara'a. Idan ya mayar maka da tambayar, "Taga-Kano ak" ko "Taga-Maradi ak" ta wadatar.

Wuri biyu ake tuntuɓe. "Naggapuam?" tana nufin daga ina kake yanzu, don haka zai iya ce maka daga kasuwa. Sannan "Taga-saan ka?" Tagalog ce. Zai gane ta, amma a Ilokano "saan" a'a ce, "wen" kuma e.

Abin da na fi ji mana tsoro shi ne niyya. Sau da yawa muna tambayar asalin mutum ne don mu auna shi, mu samu abin gori, alhali ayar nan ta ce mafificinmu a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. Idan ya faɗi garinsu, kada ka biyo da tambayar albashi ko takardun zama, kada ka kwaikwayi lafazinsa don a yi dariya. Idan ka ga yana noƙewa, bar zancen, ka ce masa "Agyamanak", wato na gode.