Darasin Motsa Jiki Ba a Kan Allo Ake Yin Sa Ba

Da zarar zango na uku ya kama, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta ƙarato, abin da ake fara yankewa daga jadawalin makarantunmu na Sakkwato shi ne darasin motsa jiki. Malamin lissafi ya karɓe na yau, na Turanci ya karɓe na jibi, firinsifal kuma ya sa albarka. Abin ya zama jiki har iyaye sun daina tambaya, kuma wannan shirun ne ya fi ɓata mini rai.

To amma ko a makonnin da ba a ƙwace darasin ba, me ake yi da minti 40 ɗin? Malam ya shigo da alli, ya cika allo, yara su duƙufa kwafa. Yaro zai faɗa maka faɗin ragar ƙwallon ƙafa mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, ya zana maka fili da layukansa tsaf, alhali tun farkon zango bai yi gudun da ya fitar masa da gumi a makaranta ba. Tun lokacin da aka cusa darasin a ƙarƙashin kimiyya da fasaha a manhajar ilimin matakin farko, malamai da dama suka ɗauke shi abin haddacewa don cin jarrabawa kawai. Sai ka ga littafin yaro cike da amfanin motsa jiki, shi kuwa yana zaune a benci tun safe.

Ranar da aka yi sa'a aka fita fili ma, lokacin zubewa yake yi. A jera layi, a kira suna, a aika wani ya nemo mabuɗin sito, a tarar ƙwallon babu iska. Kafin a fara, rabin lokaci ya tafi. Sannan a zaɓi yara 22 da dama sun iya, a jefa musu ƙwallo ɗaya, sauran ajin su nemi gindin dogon yaro su zauna kallo. 'Yan mata kuwa ko dai a bar su a aji, ko a miƙa musu tsintsiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana. Mu kuwa ɗan abin da jadawali ya ba shi a mako ma mun kasa cika masa.

Masu cewa zafin Sakkwato ne ya hana, ba su da hujja. Kowa ya san daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma babu mai hankalin da zai ce a fitar da yara da tsakar rana. Amma wa ya sa darasin a ƙarfe 12? Mai tsara jadawali ne, wanda ya yanke cewa sanyin safiya na lissafi ne shi kaɗai. A mayar da shi bayan taron safe, zancen zafi ya ƙare.

Kukan rashin kayan wasa ya fi wannan rauni. Langa ba ta bukatar ko sisi, kuma ta kai matsayin da ake fafata ta a gasar wasanni ta ƙasa. Kokawa gadonmu ce, rairayi kawai take so. 'Yar gala-gala, tsallen igiya da tseren miƙa sanda duk za su motsa aji guda a lokaci ɗaya idan aka kasa yara rukuni-rukuni. Batun suturar 'yan mata ma ba dalilin hana su ba ne: a ware musu gefe, malama mace ta jagorance su, su yi wasansu cikin shigar mutunci.

Makarantar da ke kashe kuɗi a rumfuna da manyan baƙi a gasar wasanni ta gida-gida tsakanin ɗalibai sau ɗaya a shekara, sannan ta kulle fili sauran watanni, yaudarar iyaye take yi. Daga ina ake so 'yan wasan da za su cika filin wasa na Giginya da ke Sakkwato su fito?

Sufetocin ma'aikatar ilimi su daina auna malamin motsa jiki da yawan rubutun da ke littafin ɗalibai. Su zo lokacin darasin ba tare da sanarwa ba, su tsaya a bakin fili, su ƙirga yaran da ke gudu da waɗanda ke zaune. Firinsifal ɗin da ya bayar da lokacin ga wani darasi kuma a tambaye shi dalili a rubuce.