"Ta kama" ba shaida ba ce, a leƙa ƙarƙashin tirela

Kayan da ake saukewa daga jirgin ƙasa a Gaundare ta ƙasar Kamaru, a ɗora wa manyan motoci su nufi Garwa, Marwa, Kuseri, har su haye gadar Ngeli su shiga Njamena, duk ƙusa guda ce ke jansu. Ƙusar nan da ke ƙarƙashin gaban tirela kaurinta inci 2 ne, milimita 50 da 'yan kai. Ita ce ke shiga bakin farantin ƙarfen da ke bayan kan mota, wanda direbobinmu ke cewa selet, haƙoran ƙarfe su rufe a kanta. Faranti na ɗaukar nauyi, ƙusa na ja. Amma mai mota zai yi awa guda yana cinikin taya, bai taɓa tambayar lafiyar wannan wuri ba.

Na gani da idona a wani garejin manyan motoci a Garwa. Direba ya yi baya, ƙarfe ya bugi ƙarfe, yaron mota ya ɗaga hannu ya ce, "Maigida, ta kama!" Ya haɗa tiyon iska ja da rawaya, ya naɗe ƙafafun tirela. Mota ba ta yi taku goma ba tirela ta zame, ta kifa da hanci a ƙasa da buhunan siminti a kanta, tiyo ya tsinke yana huci. Tirelar ta ɗara farantin tsayi ne tun farko, sai ƙusa ta hau kan haƙoran, ba ta shiga tsakaninsu ba. Allah ya taƙaita, a cikin gareji ne. Da nauyin kaya ya riƙe ta har gangaren Mbe, inda hanya ke murɗewa tana saukowa daga tudun Adamawa, da wani labari ake yi.

Ban ga laifin yaron ba, abin da aka koya masa ya yi. Direba ne ya kamata ya sauko da tocila ya durƙusa ya leƙa. Babu rata tsakanin faranti da cikin tirela? Haƙora sun rungume wuyan ƙusa? Hannun buɗewa ya koma ciki gaba ɗaya, makullinsa ya faɗa? Sannan ya koma kan sitiyari, birkin tirela a kame, ƙafafunta ba a gama naɗewa ba, ya sa giya ta ɗaya ya ɗan ja sau biyu. Minti biyar ne. Wanda ya shekara ashirin a hanya zai ce kunnensa ya san ƙarar kamu, to kunne ba ya ganin inda ƙusa ta zauna.

Sai maganar giris, kuma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera waɗannan farantai. Ƙurar hunturu da yashin hanyar Mora zuwa Dabanga suna cakuɗa da giris su zama kamar takardar goge katako, kullum suna cin ƙarfe a hankali. Lafta sabo a kan tsoho aikin banza ne, sai an raba kai da tirela, an kankare, an wanke, an duba tsaga da notunan da suka ɗaure faranti a jikin shasi, kana a shafa. Masu zuba baƙin man inji don su rage kuɗi, zafin Afrilu ya kan tsiyaye shi kafin a kai Figil. Faranti busasshe kuwa ba ya barin tirela ta juya yadda ya kamata, sai direba ya ji sitiyari na gardama a kwana ya ɗauka ƙafar gaba ce.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne walda. Direba ya ji tirela na buga masa "gaf" a baya duk lokacin da ya tashi ko ya taka birki, ya gaya wa mai mota, sai Alhaji ya ce a kai wa mai walda ya cike. Masu ƙera waɗannan kaya irin su JOST sun hana yi wa ƙusa da haƙora walda, domin wuta na kashe taurin ƙarfen, ya yi kyau a ido ya karye rana tsaka. Ƙusar inci 2 idan ta cinye ta sauko milimita 49, ta gama aiki, canzawa ake yi.

Na san kukan masu motoci: kayan gyara da tsada, kuɗin hanya na ƙarewa a shingaye tun kafin a kai iyaka. Gaskiya ne. Sai dai kuɗin sababbin haƙora bai kama ƙafar kuɗin tirelar da ta kife da kayan mutane ba, balle ta faɗa wa motar fasinja da ke biye. Ina roƙon ƙungiyoyin direbobi na Gaundare da Garwa su ajiye ma'aunin ƙusa a kowane gareji, kuma su tsaya wa direban da ya ƙi tashi da farantin da aka yi wa walda, kada mai mota ya karɓe masa makulli.