Gwarzon Shekara ko Mutumin Shekara? Inda Muke Kuskuren Fahimtar Zaɓen Mujallar Time

A watan Disambar 2024, wani dare da sanyin hunturu ya kama sosai, muna zaune a majalisarmu da ke Tudun Wadan Zariya bayan sallar Isha, sai wani matashi ya karanto mana daga wayarsa cewa mujallar Time ta Amurka ta zaɓi Donald Trump a matsayin gwarzon shekara, karo na biyu ke nan bayan na 2016. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda duk muke kira Baba Malam. Ya ajiye kofin shayinsa a kan benci, ya gyara mayafinsa, ya ce, "Yanzu duk faɗin duniyar nan a rasa gwarzo sai wannan?" Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, ai su ba gwarzo suka ce ba, mu ne muka ce gwarzo." Mun daɗe a kan wannan magana a daren, kuma tun daga lokacin nake son in zauna in rubuta ta a tsanake, domin na lura duk shekara sai an maimaita wannan gardama a Facebook, ana ta ɓacin rai a kan abin da ba a fahimce shi daidai ba.

Sunan da mujallar ta ba wannan zaɓe, idan aka mayar da shi Hausa yadda yake, ba ya wuce Mutumin Shekara. Kafofin yaɗa labaranmu ne suka ɗora masa kalmar gwarzo, ita kuwa kalma ce mai nauyi a bakin Bahaushe, domin ba a kiran azzalumi gwarzo, ba a kiran maci amana gwarzo. Gwarzo shi ne wanda ya tsaya inda maza suka gudu. Ma'aunin editocin Time daban ne, kuma sun sha bayyana shi: suna neman wanda ya fi kowa tasiri a kan labarai da rayuwar mutane a cikin shekarar, ko ta hanyar alheri ko ta hanyar sharri. Wanda ya riƙe wannan ba zai yi mamakin ganin Adolf Hitler a 1938 ba, ko Joseph Stalin har sau biyu, a 1939 da 1942, a jeri ɗaya da Mahatma Gandhi na 1930 da Martin Luther King na 1963.

Asalin al'adar ma ba wani babban tsari ba ne. A watan Mayun 1927 Charles Lindbergh ya tuƙa jirgin sama shi kaɗai daga New York zuwa Paris ba tare da ya sauka a hanya ba, amma mujallar, wadda a lokacin shekararta huɗu da kafuwa, ba ta sa hotonsa a bangonta ba. Da ƙarshen shekara ya zo, sai editoci suka gyara kuskurensu ta hanyar kiransa mutumin shekara. Abin da aka fara don cike giɓi shi ne yau ya kusa cika shekara ɗari, har ya haifi ɗan'uwansa, wato jerin mutum 100 mafiya tasiri a duniya, wanda aka fara fitarwa duk shekara daga 2004.

Ina girmama wannan ma'auni na tasiri, kuma zan faɗi dalili nan gaba, amma ba zan ɓoye cewa mujallar kanta ba kullum take riƙe shi da gaskiya ba. A 1979 ta zaɓi Ayatullahi Khumaini, a lokacin da ake tsare da Amurkawa a ofishin jakadancinsu na Tehran, kuma masu karatu da yawa suka fusata suka daina sayenta. Da alama wannan ya zame mata darasi, domin a 2001, shekarar da harin 11 ga Satumba ya juya siyasar duniya baki ɗaya, ya jawo yaƙin Afganistan, ya sauya yadda ake kallon Musulmi a filayen jiragen sama har zuwa yau, ba ta zaɓi Usama bin Laden ba, sai ta ɗauki magajin garin New York, Rudy Giuliani. A ma'aunin da ita ta gindaya wa kanta, kowa ya san wanda ya fi tasiri a wannan shekara. Mujalla haja ce da ake sayarwa, tana da masu ita, tana da masu ba ta talla, kuma tun 2018 mallakar attajirin nan Marc Benioff ce da matarsa, waɗanda suka saye ta a kan dala miliyan 190. Editocinta suna leƙen duniya ne ta tagar New York, abin da tagar ta nuna musu shi suke gani.

Idan aka bi sunayen shekarun baya-bayan nan za a ga inda tagar take fuskanta. Jeff Bezos a 1999, Barack Obama a 2008 da 2012, Mark Zuckerberg a 2010, Elon Musk a 2021, mawaƙiya Taylor Swift a 2023. Ba na musun cewa wasunsu sun taɓa rayuwarmu har nan, domin Facebook ɗin da muke gardama a kansa ma dandalin Zuckerberg ne. Amma Afirka, nahiyar da ke da mutane fiye da biliyan ɗaya, ba kasafai take leƙowa ba sai ta dalilin yaƙi ko annoba ko sulhun da ya biyo bayan zubar da jini: Sarki Haile Selassie a 1935 lokacin da Italiya ta mamaye Habasha, Anwar Sadat a 1977, Nelson Mandela tare da shugaban Afirka ta Kudu na lokacin de Klerk, da Yasir Arafat na Falasɗinu da Rabin na Isra'ila a 1993, sai kuma mayaƙan cutar Ebola a 2014.

Wannan na Ebola ya fi kowanne tsaya mini a rai. A watan Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar, kuma Dokta Stella Adadevoh ta ƙi yarda a sallame shi daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu a ranar 19 ga Agusta, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar, bayan mutum 20 sun kamu, 8 sun rasu. Duk wanda ya san yawan motocin da ke tasowa daga Legas su biyo ta Kwangila a nan Zariya su wuce Kano a kowane dare, ya san abin da Allah ya tsare mu da shi ta hannun wannan baiwar Allah. A nan tasiri da gwarzantaka suka haɗu a wuri ɗaya, kuma ba kullum suke haɗuwa ba.

Mu 'yan Najeriya mun fi samun shiga a jerin mutum 100. A 2011 an sa Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya yi karatun tattalin arziki a nan Jami'ar Ahmadu Bello, saboda tankaɗe da rairayar da ya yi wa bankuna daga 2009 lokacin yana gwamnan Babban Banki. A 2014 an sa Aliko Dangote da Ngozi Okonjo-Iweala. Amma shekarar da ta fi kowace bayyana ma'anar jerin ita ce 2015, inda sunan Muhammadu Buhari, wanda ya kayar da shugaba mai ci a zaɓe, ya fito tare da na Obiageli Ezekwesili mai fafutukar ceto 'yan matan Chibok, da kuma na Abubakar Shekau, wanda mutanensa suka sace 'yan matan. Na tuna yadda mutane suka yi ta yaɗa labarin Buhari da murna, wasu kuma suka yi ta la'antar mujallar a kan Shekau, kowane ɓangare yana ɗaukar abin a matsayin lambar yabo. Amma mutumin Bama ko Gwoza da ya kwana a sansanin gudun hijira a wannan shekara, idan ka tambaye shi wanda ya fi sauya rayuwarsa, ba zai yi dogon tunani ba. Ambaton mai laifi a matsayin wanda ya girgiza zamani ba yabonsa ba ne, shaida ce ake ajiyewa a kansa.

A nan ne damuwata ta gaskiya take, kuma ba da Amurkawa nake ba, da mu nake. Mun gaji al'adar kirari da waƙar yabo, al'ada mai kyau a muhallinta, amma mun bar ta ta mamaye duk wata hanya da muke auna mutane da ita. Kusan kowane ƙarshen shekara sai ka ga an kama ɗakin taro a Kaduna ko Abuja, an jera gilasai da alluna masu ƙyalli, an kira gwamnan da ya fi kowa, kwamishinan da ya fi kowa, shugaban ƙaramar hukumar da ya fi kowa. Ni kaina na taɓa riƙe wata takarda da aka aiko wa wani maigidana, daga wata ƙungiya da ba zan ambata ba. Shafin farko yana taya shi murnar an zaɓe shi gwarzon ci gaban al'umma bayan dogon bincike, shafi na biyu kuwa yana ɗauke da kuɗin tebur, da kuɗin shafi a mujallar taro, da lambar asusun banki. Ya ninke takardar ya sa a aljihun tebur, bai ce komai ba, amma na ga ransa ya ɓaci, domin mutum ne da ya yi aiki tsakani da Allah, kuma ya gane cewa ba aikinsa aka duba ba, aljihunsa aka duba. Al'ummar da ta saba da irin wannan dole ta ɗauka cewa duk sunan da aka buga a bangon mujalla yabo ne, kuma dole ta zuba ido ga baƙi su faɗa mata wanda ya isa a cikinta.

Alhali masu tasiri na haƙiƙa suna nan kusa da mu, ba ma ko waiwayarsu. A damina biyu da suka wuce na je gonar wani ɗan'uwanmu ta wajen Giwa, ya ɗebo masara a tafin hannunsa yana nuna mini cikar ƙwayarta, ya ce irin Samaru ne, yana nuna da wuri kuma yana jure wuta-wuta. Na tambaye shi ko ya san wanda ya samar da irin, ya ce shi dai a kasuwa ya saya. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru ta shafe shekaru da dama tana fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga, har da waken nan mai jure tsutsa da aka amince da shi a 2019, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar da kazar ƙwai da ake kira ShikaBrown. Akwai masana da suka ƙare ƙuruciyarsu a cikin filayen gwaji, rana na dukansu, suna auna tsirrai ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka samar yana cikin tukunyar gidajen da ba su taɓa jin sunansu ba. Haka nan matan da suka yi ta bi gida-gida da 'yar akwatin sanyi suna ɗiga wa yara rigakafin shan inna, ana zaginsu a wani gida, ana rufe musu ƙofa a wani, har aka harbe tara daga cikin ma'aikatan a Kano a watan Fabrairun 2013. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. A shekarar Time ta sa Dokta Tunji Funsho na ƙungiyar Rotary a jerinta saboda wannan aiki, kuma ya cancanta, amma mu da matan nan suke unguwanninmu, me muka rubuta a kansu?

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. Jaridar Daily Trust ta fara zaɓen ɗan Afirka na shekara a 2008, kuma wanda ta fara zaɓa shi ne Dokta Denis Mukwege na Kwango, likitan da ke yi wa matan da aka ci zarafinsu a yaƙi aiki, shekara goma kafin a ba shi lambar Nobel. Wannan ya nuna cewa idonmu yana gani idan muka buɗe shi da gaskiya. Abin da nake fata shi ne a samu irin wannan da Hausa, don masu karatun Hausa, kuma ban ga garin da ya fi Zariya dacewa ba. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a nan jami'ar da aka kafa a 1962 take, da sashen tarihinta da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya koya wa ɗalibai cewa ba a karɓar magana sai da hujja. Muna da malaman jami'a, muna da malaman zaure a cikin birni, muna da 'yan jarida da manoma da 'yan kasuwar Sabon Gari, kuma a cikinsu ba za a rasa mutum bakwai ko tara da jama'a ta yarda da amanarsu ba.

Sharuɗɗan da zan so a gindaya ba su da yawa, amma suna da wuya. Kada a karɓi ko sisin kwabo daga wanda aka zaɓa, kada a yi taron cin abinci, kuma a rubuta dalilin zaɓen dalla-dalla yadda kowa zai iya tantancewa. Mafi wuya shi ne a raba suna biyu da muka cakuɗa: a ware gwarzon shekara ga wanda ya yi alheri, a ware mutumin shekara ga wanda ya fi taɓa rayuwarmu ko da ba mu so. A shekara irin ta 2022, da aka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, manoman Giwa da Birnin Gwari kuma suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, mutumin shekara a jihar nan ba zai kasance mai babbar riga ba. A 2023 kuwa dole a auna tsakanin canjin fasalin Naira da ya sa mutane kwana a layin bankuna a unguwar PZ ta Zariya, da cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu da ya ninka kuɗin mota daga Samaru zuwa cikin gari.

Da na kawo wannan shawara a majalisa, Baba Malam ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce idan har za a yi, shi sunan da zai fara kawowa na wata ungozoma ce a unguwarsu, wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yansa da jikokinsa, kuma rabin matasan da ke zaune a bencin nan a hannunta suka faɗo. Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, to sai a fara da zuwa a ji tarihinta daga bakinta tun tana da rai." Mun sa ranar Asabar bayan La'asar, shi zai yi mana sallama, ni kuma zan zo da littafi da biro.