Tebur ɗaya shafinka yake buƙata a rumbun bayanai, don me za ka ba shi makullin gida gaba ɗaya?

Ƙannena masu rubuta manhaja, akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a wurinku, ni ma kuma na yi ta a da. An ba ka aikin haɗa ɗan shafin da zai nuna jerin odoji, kana gwadawa sai rumbun bayanai (database, inda manhaja ke adana bayananta a tebura) ya ce ba ka da izini. Maimakon ka tsaya ka duba abin da ya hana, sai ka buga GRANT ALL PRIVILEGES ON *.*, umarnin da ke ba da iko a kan komai, ko ma ka zuba kalmar sirrin root, babban asusun shiga rumbun, a fayil ɗin saiti, kana cewa "bari ya tashi tukuna, na gyara daga baya." Mu faɗi gaskiya, wa ya taɓa komawa ya gyara?

Ni a jikina na ji. Wani dare na rubuta umarnin share bayanan gwaji, gajiya ta sa na rubuta sunan teburin abokan ciniki a madadin na gwajin. Asusun da nake ciki yana da ikon taɓa komai, don haka ko gardama bai yi ba. Na zura wa allon ido, adadin layukan da aka share na kallona, hannuna ya yi sanyi. Kwafin bayanan da aka ajiye a daren da ya gabata ne ya rufa min asiri. Da a ce teburin gwajin kaɗai asusun nan ya sani, da saƙon ƙin izini kawai zan gani.

Abin haushin ma, aikin bai fi layi biyu ba. A MySQL, manhajar rumbun bayanai, ka buɗe asusu da CREATE USER, sannan ka ce GRANT SELECT ON kasuwa.odoji TO 'rahoto'@'localhost'. Shi ke nan: asusun rahoto zai karanta teburin odoji da ke rumbun kasuwa, ba zai canza ko harafi ba, sauran teburan kuwa ko sunansu ba zai gani ba. In wani ya samu kafar cusa umarnin SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi, ta shafinka, a nan ɓarnarsa za ta tsaya.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne tunanin za su ba da duka sannan su rage. Izini taruwa yake yi. Idan ka riga ka ba asusu iko a kan kasuwa.*, wato rumbun kasuwa gaba ɗaya, MySQL ba zai yarda ka cire masa tebur guda da REVOKE, umarnin janye izini, ba. Sai ka janye babban izinin, ka dawo ka ba shi na teburin.

PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, kuma nasa tsarin daban. Ban da SELECT a kan teburin, asusun na buƙatar CONNECT a kan rumbun da USAGE a kan schema, wato sashen rumbun da teburin ke ciki. A kula da PUBLIC, rukunin da ya haɗa duk asusu, domin duk abin da aka ba shi kowane asusu ya samu. Kafin siga ta 15 da ta fito a 2022, kowa na iya ƙirƙirar tebur a schema mai suna public, kuma rumbunan da aka ɗaukaka daga tsohuwar siga suna nan da wannan halin.

Kada ka gamsu da abin da ka rubuta. A MySQL duba izinin asusun da SHOW GRANTS, sannan ka fita ka shiga da sabon asusun da kanka, ka nemi karanta teburin albashi, ka gwada share layi ɗaya a odoji. In dukkansu ya hana ka, sai ka saka kalmar sirrinsa a manhajar, ka cire ta root.